Waƙar Bagadaza a Bakin Jikan Bayahude: Mu Saurara ko Mu Kashe?

Kawuna ya yi shekara goma sha ɗaya yana ɗinki a Jidda. Abin da ya dawo da shi gida, ban da tsohon keken ɗinki da ciwon baya, shi ne kunnen waƙar Larabawa. Har yau in yana yankan shadda za ka ji yana rera wani abu ta hanci, in ka tambaye shi kuma ya gaya maka ko ta Masar ce, ko ta Sudan, ko ta mutanen bakin teku. Ana saura kwana huɗu Sallah na je shagonsa karɓar ɗinki, aka ɗauke wuta, muka zauna muna fifita da kwali. Don rage zaman shiru sai na kunna wata waƙa a waya. Jitar lantarki ce ta fara tasowa da gangunan Turawa, Kawu ya yatsina fuska. Da murya ta shigo sai na ga ya ajiye almakashi. Kafin mawaƙin ya kai ƙarshen baiti, Kawu ya riga shi.

"Kai, ɗan nan, ina ka samo wannan? Ai ta Iraƙawa ce. Akwai wani maƙwabcinmu mutumin Basra, mai gyaran agogo, kullum bayan isha'i ita yake sawa."

Na ce, "Kawu, wa ya yi ta?"

"Wa ya yi ta kamar yaya? Tsohuwar waƙa ce. Irin waɗannan ba su da mai su."

Na ce masa tana da mai ita. Sunansa Salihu Al-Kuwaiti, Bayahude ne da ya yi zamaninsa a Bagadaza, wanda yake rerawa a wayata kuwa jikan ƙaninsa ne, ana kiran sa Dudu Tassa, ɗan Isra'ila. Kawu ya dube ni, ya dubi wayar, ya ɗauki almakashinsa. Ya ce, "Kashe." Na kashe.

Ban ga laifinsa ba. Mutumin da yake kwana da hotunan yaran Gaza a ransa ba sai ya yi wa kowa bayanin abin da ya sa ba ya son muryar ɗan Isra'ila a shagonsa ba. Shagonsa ne, kunnensa ne. Amma kalmar nan ta biyo ni har gida, domin na san ba a bakin Kawu waƙoƙin nan suka fara jin ta ba. An faɗa musu ita a Bagadaza, an faɗa musu a Tel Aviv, a bayan nan kuma an faɗa musu a Landan. Kowa da dalilinsa, dalilan kuma ba nauyinsu ɗaya ba.

An haifi Salihu a 1908, ƙaninsa Dawud a 1910, dukansu a Kuwait, iyayensu Yahudawa ne 'yan asalin Iraƙi. Suna yara wani kawunsu ya dawo daga fatauci a Indiya da tsaraba: Salihu ya samu gogen Turawa, Dawud ya samu ud, wato molon nan na Larabawa mai ƙaton ciki. Tsarabar nan ita ta zama sana'a. Suka koma Basra, daga can suka wuce Bagadaza, birnin da a farkon ƙarnin da ya wuce in ka ƙirga mutum uku to ɗaya Bayahude ne. Ministan kuɗi na farko da Iraƙi ta yi, Sasun Haskel, Bayahude ne. Kiɗa kuwa kusan a hannunsu yake. Da aka yi babban taron kiɗan Larabawa a Alƙahira a 1932, mawaƙin tawagar Iraƙi Musulmi ne, Muhammad Al-Ƙubbanji, amma makaɗan da ke bayansa Yahudawa ne. Dalilin ba zai ba Bahaushe mamaki ba: manyan gidaje suna son kiɗa a bikinsu, ba sa son ɗansu ya zama makaɗi. Mu ma a nan ko Shata sai da ya sha fama da mahaifinsa a kan waƙa.

Da aka buɗe gidan rediyon Iraƙi a 1936, 'yan'uwan nan biyu aka danƙa wa kafa ƙungiyar makaɗansa. Salihu ya tsara waƙoƙi da dama ga manyan zabiyoyin lokacin, musamman Salima Murad. Har Ummu Kulsum, shahararriyar zabiyar Masar, da ta zo Bagadaza, ta ji wata waƙar da ya yi wa Salima, ta koye ta, ta rera da harshen mutanen Iraƙi, abin da ba ta saba yi wa kowa ba. Suna yi wa Sarki Ghazi wasa a fada. In da a ƙasar Hausa ne, da sai mu ce su ne makaɗan sarki kuma makaɗan gari baki ɗaya.

Sai ƙasa ta juya. A farkon Yunin 1941 aka far wa Yahudawan Bagadaza kwana biyu, aka kashe kusan mutum 180, aka wawashe shaguna da gidaje. Bayan kafa Isra'ila a 1948 da korar Falasɗinawa daga garuruwansu, zaman ya ƙara dagulewa. A 1950 gwamnatin Iraƙi ta yi doka: duk Bayahuden da yake son tafiya yana iya tafiya, amma ya ajiye shaidar zama ɗan ƙasa. A 1951 aka rufe dukiyar waɗanda suka yi rajista. Kimanin mutum 120,000 aka kwashe a jirage. Al'ummar da ta fi shekara dubu biyu a bakin kogin Dajla da Furatu ta watse cikin shekara biyu. Salihu da Dawud suna cikin waɗanda suka tafi a 1951.

Abin da suka tarar can shi ne gudun gara, faɗawa gidan zago. Waɗanda suka kafa Isra'ila Yahudawan Turai ne, kuma ƙasar da suke ginawa a ransu ƙasar Turai ce. Yahudawan da suka zo daga Iraƙi da Yaman da Maroko, da yawansu a sansanonin tantuna aka fara zuba su. Larabcin da suka tashi da shi ya zama harshen abokan gaba, kiɗansu ya zama abin kunya da yara ke roƙon iyaye su rage wa murya kada maƙwabta su ji. Mutanen da suka yi wa sarki wasa suka buɗe ɗan shagon kayan girki a unguwar Hatikva, ɗaya daga unguwannin talakawan Tel Aviv. Suna ɗan taɓa kiɗa a bukukuwan 'yan'uwansu Iraƙawa da kuma sashen Larabci na rediyon Isra'ila, shi ke nan. Shekaru da dama bayan haka ma, waƙoƙin Yahudawan gabas a kaset ake sayar da su a tsohuwar tashar motar Tel Aviv, domin manyan gidajen rediyo ba sa kula su. Dawud ya hana 'ya'yansa kiɗa ƙememe. Ya ga abin da sana'ar ta yi masa.

A can Iraƙi kuwa waƙoƙin ba su daina tashi a rediyo ba. Sunan ne ya daina. A shekarun 1970, zamanin jam'iyyar Ba'as da Saddam Husaini, aka cire sunayen Yahudawan da suka tsara su, aka riƙa cewa na gargajiya ne, gadon kaka da kakanni. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wannan shi ne asalin maganar da Kawu ya gaya mini da zuciya ɗaya, cewa irin waɗannan waƙoƙi ba su da mai su. Ba shi ya ƙirƙire ta ba. Wata gwamnati ce ta zauna ta shirya ta, ta bi rediyo da kaset ta isa kunnen mai gyaran agogo a Jidda, ta haye teku ta zo shagon tela a ƙasarmu, shekara hamsin tana aiki.

Dawud ya rasu a 1976. Watanni kaɗan bayan haka, a 1977, 'yarsa ta haifi namiji, ya ci sunan kakansa. Dudu lakabi ne na Dawud a bakin mutanen can, kamar yadda mu muke ce wa mai sunan kaka Abba ko Baffa. Mahaifin yaron kuma daga Yahudawan Yaman yake. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: yana shekara goma sha uku ya fitar da kundin waƙoƙinsa na farko. Amma ba hanyar kakansa ya bi ba. Ya rungumi jita, ya yi shekaru yana kaɗawa a bayan wasu, har a ƙungiyar makaɗan wani shirin barkwanci na talabijin, sannan daga shekarar 2000 ya fara fitar da kundayen kiɗan rok da harshen Ibrananci, yana rubuta waƙoƙinsa da kansa, har ya zama ɗaya daga sanannun mawaƙan rok na ƙasar. Da ya tsaya nan, da babu ruwana da shi, da ku ma ba ku ji sunansa a bakina ba.

Abin da ya ja hankalina shi ne juyawar da ya yi yana kan ganiyarsa. Ya koma ga tsofaffin faifai da kaset na kakanninsa da dangi suka adana, ya zauna yana saurare. Bai tashi da Larabci a baki ba, sai da ya koyi furucin Bagadaza baiti bayan baiti. A 2011 ya fitar da kundin da ya kira Dudu Tassa da Kuwaitawa, ya biyo da na biyu a 2015, na uku a 2019. Mahaifiyarsa, wadda uba ya hana waƙa, ta rera a ciki. A wasu wuraren ma ya saka ainihin sautin tsofaffin faifan, jika yana amsa wa kakan da bai taɓa gani ba.

Aikin ba ƙarami ba ne ko ta fuskar kiɗa. Waƙar Larabawa tana tafiya a kan maƙamai, wato matakan hawa da saukar muryarta, wasu muryoyinta suna faɗawa tsakanin maɓallan fiyano biyu, inda jitar Turawa ba ta da gurbi. Sai mai kaɗawa ya lanƙwasa tsirkiya da yatsa ya nemo su, ko ya bar wa goge da ƙanun, wani abin kiɗa mai tsirkiyoyi da yawa, wannan aiki, shi ya riƙe ƙasa. Ba kowace waƙa ce ta yi masa kyau ba, a ganina. Akwai inda gangunan suka danne zaƙin karin, suka mai da kukan masoyi ya koma hayaniyar filin wasa. Amma inda ya dace, za ka ji abin da ya sa Kawu ya ajiye almakashi. Kuma a kowane kundi, sunan Kuwaitawa, wato Salihu da Dawud, yana rubuce a goshi.

Daga nan duniya ta san shi. A 2017 ƙungiyar makaɗan rok ta Ingila mai suna Radiohead ta ɗauke shi ya riƙa buɗe mata wasa a rangadinta na Amurka, kuma a shekarar ne ƙungiyar ta yi wasa a Tel Aviv duk da kiran da irin su Desmond Tutu na Afirka ta Kudu da mawaƙin Ingila Roger Waters suka yi mata na ta fasa. Mai jitar Radiohead, Jonny Greenwood, wanda matarsa 'yar Isra'ila ce, ya daɗe yana aiki da Tassa. A Yunin 2023 suka fitar da kundi tare mai suna Jarak Qaribak, wato maƙwabcinka makusancinka ne. Suka gayyato mawaƙa daga Masar da Labanan da Maroko da Iraƙi da Tunisiya, har da Bafalasɗiniya, aka ba kowa waƙar wata ƙasa da ba tasa ba ya rera. Wata huɗu bayan fitowarsa, ranar 7 ga Oktoba ta zo, aka kashe kimanin mutum 1,200 a Isra'ila, aka kama kusan 250, sannan aka fara ruwan bama-bamai a Gaza. Zuwa Maris na 2025 ma'aikatar lafiyar Gaza ta ƙirga gawa fiye da 50,000.

A Mayun 2024, ana tsakiyar wannan, Greenwood da Tassa suka yi wasa a Tel Aviv. Ƙungiyar Falasɗinawa mai jagorantar ƙaurace wa Isra'ila a fagen ilimi da al'adu ta ce wannan wanke wa azzalumi hannu ne da kiɗa, ta kuma zargi Tassa da yi wa sojojin Isra'ila wasa a lokacin yaƙin. A Mayun 2025 aka soke wasanni biyu da za su yi a Bristol da Landan a watan Yuni. Su biyun suka ce wuraren wasan sun samu barazanar da ta sa ba za a iya tabbatar da lafiyar ma'aikata ba, suka kira abin toshe baki. Masu ƙauracewa suka ce su matsin lamba na lumana kawai suka yi.

Bari in fara da ba masu ƙauracewa haƙƙinsu, domin sun fi yadda masu kare Tassa ke nuna su hujja. Ƙauracewa makamin wanda ba shi da jirgin yaƙi ne. Ƙungiyoyin Falasɗinawa fiye da 170 ne suka yi wannan kira a 2005, bayan sun ga shekarun tattaunawa ba su hana gina matsugunai a ƙasarsu ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba ni da ke nesa ba ne zan koya musu yadda za su yi kuka. Kuma zargin cewa Isra'ila tana amfani da masu fasaha don gyara fuskarta ba shaci-faɗi ba ne. A 2009, jim kaɗan bayan wani yaƙin na Gaza, wani babban jami'in ma'aikatar harkokin wajenta ya faɗa wa 'yan jarida a fili cewa za su tura marubuta da 'yan wasa ƙasashen waje don a ga kyakkyawar fuskar ƙasar, a daina tuna ta da yaƙi kawai. Sannan duk mai kukan an soke wasa biyu a Ingila, ya kamata a ji muryarsa a kan cibiyar al'adu ta Sa'id Al-Mishal da jiragen Isra'ila suka rusa a Gaza a 2018, da ta Rashad Al-Shawa da aka ruguza a 2023. Mawaƙin da aka soke wa wasa yana komawa gida ya kwana. Na Gaza da yawa ba su da gidan komawa.

Mu 'yan Najeriya ma ba baƙin wannan makami ba ne. Mun janye daga wasannin Olamfik na Montreal a 1976 saboda wariyar launin fata a Afirka ta Kudu. Marigayi Ɗanmasanin Kano, Alhaji Yusuf Maitama Sule, ya shugabanci kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya na yaƙi da wariyar a farkon shekarun 1980, kuma a ƙarƙashin wannan kwamiti ne aka riƙa fitar da jerin sunayen mawaƙan da suka karya ƙauracewa suka je can suka yi wasa. Muna alfahari da wannan tarihi, kuma ya cancanta.

Amma a cikin tarihin nan akwai wani darasi da ba a cika tunawa ba. Da mawaƙin Amurka Paul Simon ya je Johannesburg ya yi aiki da baƙaƙen mawaƙa ya fitar da kundinsa a 1986, masu fafutika sun rabu biyu. Wasu suka ce ya karya doka, a hukunta shi. Mawaƙan Afirka ta Kudu Hugh Masekela da Miriam Makeba, waɗanda gwamnatin wariya ta raba da ƙasarsu shekaru da dama, suka hau dandamali tare da shi, domin a ganinsu ƙauracewar da za ta toshe muryar baƙar fatar da aka riga aka toshe ta ɓace hanya. Ba ina cewa Tassa daidai yake da mawaƙan Soweto ba. Shi ɗan ƙasa ne mai cikakken 'yanci a ƙasar da ke mamaya, su kuwa su ne ake takewa. Abin da nake ɗauka daga labarin shi ne cewa tambayar "wa wannan jifa zai samu?" tambaya ce ta halal, kuma wanda ya yi ta bai zama maci amana ba.

To wa jifan ya samu a nan? A ganina ya samu abin da masu tsattsauran ra'ayi na ɓangarorin biyu suka daɗe suna so ya ɓace, wato Bayahude Balarabe. Mai kishin Isra'ila na gani-kashe-ni ba ya son a tuna cewa kusan rabin Yahudawan ƙasarsa jikokin mutanen da suka yi mafarki da Larabci ne, domin labarin da yake sayarwa shi ne su tsibirin Turai ne a tsakiyar maƙiya. A 2018 majalisarsu ta yi dokar da ta sauke Larabci daga matsayin harshen hukuma. Shi kuma mai kishin Larabawa irin na Ba'as ba ya son a tuna cewa waƙar da uwarsa ta yi masa reno da ita Bayahude ne ya tsara, domin sai ya amsa tambayar ina mutanen nan suka tafi, kuma wa ya riƙe gidajensu. Mutumin da ya tsaya a dandamali a Tel Aviv yana rera Larabcin Bagadaza, dubban matasa suna amsawa da harshen da aka koya musu tsana, yana ɓata wa duka biyun lissafi. Ni ban ga ribar da Bafalasɗine ya samu ba in aka rufe wannan bakin. Ƙa'idar da masu ƙauracewar suka rubuta da kansu ma ta ce hukumomi da cibiyoyi ake nufi, ba mutum saboda asalinsa ba. Kuma mu da muke karanta cewa wani rai ba ya ɗaukar nauyin laifin wani, bai kamata fasfo ya ishe mu hujja ba.

In kuwa gaskiya ne an yi wa masu sayar da tikiti da masu gadin ƙofa barazana, to wannan ya fita daga ƙauracewa. Ƙauracewa ita ce in riƙe kuɗina, in tsaya a bakin ƙofa da kwalina, in gaya wa mai shiga abin da ya sa ni ban shiga ba. Ranar da na tsorata shi har ya kasa zaɓa, na karɓi aikin da nake zargin wasu da shi.

Sai dai ba zan wanke Tassa tas ba, kuma a nan ne nake rabuwa da masu yi masa kirari. Shi ya zaɓi sunan kundinsa. Maƙwabci ba ƙaramar kalma ba ce a wurin masu harshen da ya ara. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Jibrilu bai gushe yana masa wasiyya da maƙwabci ba har ya zaci za a ba shi gado. Daga Tel Aviv zuwa Gaza bai fi tafiyar kilomita saba'in ba, bai kai Kano zuwa Zariya ba. Ba Kazablanka ta Maroko ce maƙwabciyarsa ta kusa ba, ba Bagadaza ba ce. In ka ɗauki waƙoƙin soyayyar mutane ka zaga duniya da su da sunan maƙwabtaka, to ranar da gidan maƙwabcin ke ci da wuta mutane suna da ikon su tambaye ka ina ka tsaya. Cewa "ni makaɗi ne, ba ɗan siyasa ba" ba ta isa amsa ba, musamman in zargin yi wa sojoji wasa ya tabbata, domin wanda ya kaɗa wa mayaƙa ya riga ya shiga maganar yaƙi, ko da waƙar soyayya ya rera. Kakanninmu sun san haka. Shi ya sa makaɗan yaƙi suke da nasu matsayi daban a fada. Greenwood aƙalla an gan shi cikin zanga-zangar Tel Aviv ta neman a sako waɗanda aka kama a kuma yi sabon zaɓe. Daga jikan Dawud, wanda ya fi kowa sanin yadda ake korar mutum daga gidansa a goge sunansa, na so in ji kalmar Gaza da babbar murya.

Don haka da a Landan nake, da wuya in sayi tikitin nan a wannan lokaci. Zuciyata ba za ta bar ni in yi tafi ba. Amma ba zan sa hannu a takardar neman a soke shi ba, kuma ba zan goge waƙoƙin daga wayata ba. Wani abokina ya ce wannan raba ƙafa ne. Na ce masa raba ƙafa shi ne ka ƙi faɗin inda ka tsaya, ni kuwa na faɗa: mawaƙin yana da tambayar da zai amsa, waƙar ba ta da ita, wanda ya tsara ta kuwa bashi yake bi. Salihu Al-Kuwaiti ya rasu a 1986 a Isra'ila, yana jin waƙoƙinsa a rediyon Bagadaza ana cewa ba su da uba. Sai a 2009 aka sa wa wani ɗan titi a Tel Aviv sunan shi da ƙaninsa. A Iraƙi da Kuwait ma, bayan faɗuwar Saddam, masana da 'yan jarida sun fara mayar musu da sunansu a rubuce. Wannan gyara ba na Isra'ila ba ne, ba ya ƙara mata komai. Na Bagadaza ne.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye, ko da ba mu da Bayahude a unguwa. A bakinmu kalmar "Bayahude" ta daɗe da zama zagi, ana jifan mai rowa da ita, ana jifan mai wayo, har yaro mai taurin kai. Da yawanmu ba mu taɓa sanin an yi Yahudawan da Larabci ne harshen uwarsu ba, masu cin abinci ɗaya da maƙwabtansu Musulmi, masu kaɗa musu a ranar aure. In ba mu san wannan ba, za mu ɗauka rikicin Falasɗinu gaba ce ta jini tun fil'azal, alhali rikici ne na ƙasa da mamaya da kora, mai shekarar farawa da sunayen waɗanda suka fara shi. Wanda ya ɗauke shi gabar jini ya yarda da labarin da masu mamayar suka fi so a yarda da shi.

Bayan Sallah da mako guda na koma shagon Kawu, wai a rage mini hannun riga. Bai tada maganar ba sai da na miƙe zan tafi. Yana zare zare daga bakinsa ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Wannan waƙar ta rannan. Babu ta asalin, wadda ba ta da gangunan nan?"

Na ce akwai, Kawu. Na nemo masa wani tsohon ɗauka a YouTube, mai ƙarar faifai kamar ana suya, muryar mace a sama, goge yana bin ta a baya. Ya saurara har ƙarshe, hannunsa a kan keken, bai taka ba. Da ta ƙare ya ce, "Wannan ita ce. Ta jikan kuwa ka riƙe abarka, ni ban shirya jin sa ba."

Na ce to.

"Mai gogen nan shi ne mutumin?"

Na ce shi ya tsara ta dai, Kawu.

"Ya ma ka ce sunansa?"

Na faɗa masa. Ya ɗauki allin da yake zana yadi da shi, ya juya ga bangon da yake rubuta awon mutane da bashin da ake bin sa, ya rubuta da ajami a ƙasan awon wani Alhaji: Salihu Kuwaiti. Sannan ya ce in dawo jibi, hannun rigar bai samu ba tukuna.